Gwanayen Sanyi na Madina

Duk alhajin da ya yi sallar azahar a Masallacin Annabi (SAW) da bazara ya san sanyin da ke hurowa daga gindin ginshiƙai. Ba a cikin masallacin ake samar da shi ba. Akwai babbar tasha kimanin kilomita 7 daga Harami, wadda aka gina lokacin faɗaɗawar Sarki Fahad, inda injuna ke sanyaya ruwa, a turo shi ta ƙarƙashin ƙasa. Daga wannan tasha har zuwa esin ɗakin otal, komai ya rataya ne a wuyan mutanen da suka san halin gas.

Gwanin wannan sana'a zai gaya maka cewa esi ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa. Yadda randa ke sanyaya ruwa idan damshin jikinta ya bi iska, haka gas ke yi cikin bututu: ya tafasa a cikin ɗaki ya zuƙe zafi, kwamfuresa ta matse shi, ya je waje ya amayar, ya koma ruwa. Sinadarin fulorin da ke cikinsa yana riƙe kabon gam, shi ya sa gas ɗin ba ya saurin lalacewa, kuma yawancinsu ba sa kama wuta.

Amma kowane gas da halinsa. R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, R-22 a kusan 41, R-32 a kusan 52. Akwai kuma iyakar zafin da idan gas ya wuce ta, ko wace irin matsa aka yi masa ba zai koma ruwa ba: ta R-22 digiri 96 ce, ta R-410A kuwa kusan 72 kawai. A garin da zafi kan haura digiri 45, injin waje kuma yana gasuwa bisa rufi, wannan tazara ba abin wasa ba ce. Nan ake gane wanda ya ƙware.

Ka dube shi a bakin aiki. Yana ɗaura geji, agogo shuɗi da ja, ya karanta allura, sannan ya dafa kakkauran bututu ya ji ko yana zufar sanyi. In ya ga ƙanƙara ta kama siririn, ya san wataƙila gas ya ragu, amma ba zai yi gaggawar ƙari ba sai ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa ya gano inda ke yoyo. Ya yi walda, ya zuƙe iska da laima tas, domin man da ke tafiya da R-410A mashayin danshi ne. Sai ya kifa tukunyar gas bisa sikeli, don gas ɗin gauraye ne na iri biyu, a ruwansa ake ɗura shi.

Iliminsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kori gas masu cin rufin ozon, gyaran Kigali na 2016 ya sa a rage masu ɗumama duniya, Saudiyya kuma tana cikin ƙasashen da za su tsayar da ƙaruwar amfani da su daga 2028. R-32 da ke shigowa yana iya kama wuta kaɗan, don haka dole a sake koyo.

Matasanmu na Kano da Sakkwato da Maraɗi, inda rana ba ta da sauƙi, su ɗauki wannan sana'a da daraja. Wanda ya iya ta yana sauƙaƙa wa mai ibada da majinyaci, kuma ba zai rasa abin yi ba.