Harshen Jaridar da Ta Bar Garinta: Nazari a kan USA Today da New York Times

1.0 Gabatarwa

Bisa al'ada, jarida a Amurka 'yar gari ce, har ma takan ɗauki sunan birninta. Wannan takarda za ta duba abin da ke samun harshen jarida idan ta fita farautar masu karatu a yankunan da ba nata ba. Ra'ayinmu shi ne, yalwar kasuwa takan zo da ƙuncin harshe.

2.0 Yadda Gasar Ta Faro

A 1962 jaridar New York Times ta fara buga kwafi na musamman a Los Angeles domin mutanen yammacin ƙasar, amma kasuwa ba ta karɓa ba, aka dakatar da shi a 1964. Sai a 1980 ta sake yunƙurawa, ta riƙa aika shafukanta ta tauraron ɗan'adam zuwa maɗaba'a a Chicago. Wannan dabara ce ta kawar da matsalar nisa. Da ita kamfanin Gannett, a ƙarƙashin Al Neuharth, ya kafa USA Today a watan Satumba na 1982, wato jaridar da tun asali ba ta da gari.

3.0 Salon USA Today

Wanda zai yi magana da mutanen jihohi 50 a lokaci guda, tilas ya guji duk kalmar da ke da ƙamshin wani yanki. Saboda haka jaridar ta zaɓi gajerun jimloli da gajerun labarai, tare da zane-zane masu launi. Kowace jiha ta sami 'yan layuka kaɗan a shafi guda. Kazalika ta yawaita lamirin "mu" a kanun labarai, ta yadda manomin Iowa da ɗan kasuwar Texas suka zama mutum ɗaya a bakinta. Masu suka sun yi mata laƙabi da "McPaper", suna kwatanta ta da abincin gaggawa na McDonald's. Laƙabin bai yi cikakken adalci ba, domin sauƙin harshe ba aibi ba ne. Aibin shi ne wannan "mu" da ke rufe bambancin da ya kamata jarida ta fito da shi fili.

4.0 Tasirin New York Times

Ita kuwa New York Times ba ta sassauta harshenta ba, masu karatu ta tace. Binciken Lisa George da Joel Waldfogel na 2006 ya nuna cewa inda ta yaɗu, masu ilimin jami'a sun rage sayen jaridun garinsu, su kuma jaridun garin suka karkata ga labaran cikin gida. Ke nan gari ɗaya ya rabu biyu: masu karanta duniya cikin harshen New York, da masu karanta unguwa cikin harshen gida.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, ɗaya ta daidaita harshe don ta game kowa, ɗaya ta riƙe harshenta ta ɗebe manyan gari. A duka biyun muryar yanki ce ta yi asara. Manazarta harsunan Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan, ganin yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun 1939, ta taimaka wajen yaɗa daidaitacciyar Hausa a tsakanin masu kare-kare daban-daban. Don haka ya dace duk mai auna nasarar jarida da yawan kwafi ya kuma tambaya: harshen wa aka bari a baya?