Abin Dogaro na Ganin Dama a Laburaren Manhaja

Babu laburaren manhaja da ke tsaye da ƙafarsa shi kaɗai. Kowanne yana jingine da aikin wasu, shi ya sa masu rubutawa suka raba abubuwan dogaro gida biyu: wanda in babu shi laburare ba zai motsa ba, da na ganin dama, wanda ba a nemansa sai wani aiki na musamman ya taso. Tsarin Debian ma hawa uku ya yi musu, kusan yadda ɗalibin fiƙihu ya san farilla da sunna da mustahabbi.

A duba pandas, laburaren sarrafa alƙaluma da Wes McKinney ya fara a 2008. Ba ya aiki sai da NumPy, don haka tare suke saukowa. Amma openpyxl, mai karanta fayil ɗin Excel, ba ya biyo shi. Sai ranar da ka nemi buɗe irin fayil ɗin, pandas ya tsaya cak, ya ambaci sunan abin da babu, ya ce ka sauke shi. A ganina tsarin da ya dace ke nan.

Amfaninsa ya fi fitowa fili a wurare irin namu. Matashin da ke koyon aikin nan a Mandera ko Bodinga da kuɗin aljihunsa yake sayen data, sabis kuma yana ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Ɗora masa kayan da ba zai taɓa amfani da su ba cutarwa ce. Ga kuma haɗari: a Maris na 2016 aka janye left-pad daga rumbun npm, ɗan kod mai layi 11 kacal, manyan ayyuka irin su Babel suka kasa saukuwa. Duk abin dogaron da aka wajabta, ƙofar ɓaraka ce aka ƙara.

Sai dai al'adar barin abu a matsayin na ganin dama tana da nata aibin, kuma ba a cika faɗarsa ba. Wasu marubuta kan sa laburare ya gwada ɗauko abin, in ya tarar babu sai ya haɗiye kuskuren ya bi wata hanya shiru. Sakamako ya bambanta tsakanin kwamfutoci biyu, mai aiki ya rasa dalili. Gwaji ma yana ninkuwa: abubuwan ganin dama 5 suna haifar da yanayi 32, alhali marubucin a kwamfutarsa mai ɗauke da komai yake gwadawa.

Python ta tanadi gurbin bayyana abubuwan ganin dama a fayil ɗin pyproject.toml tun daga PEP 621 na 2020. Mai rubuta laburare, ka jera su a can, ka gwada aikinka a kwamfutar da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, kuma in abu ya ɓace ka sa laburarenka ya faɗi sunansa.