Sannunku da Aiki, Masu Gadin Manhaja

Duk wanda ya buɗe Microsoft Teams da safe ya tarar da takardunsa lafiya lau, wasu injiniyoyi ne suka hana idonsu barci. Su ke ajiye kwafin bayanai a cibiyoyi masu nisa da juna, domin in wuta ta ɗauke a ɗaya, wata ta karɓi aikin kafin kowa ya ankara. In sun yi alkawarin manhaja za ta yi aiki kashi 99.99 cikin ɗari na lokaci, to bai kamata ta tsaya fiye da minti 53 a shekara ba. Suna kulle saƙonni, suna tantance mai shiga sau biyu. Da korona ta rufe ofisoshi a 2020, aikinsu ne ya riƙe sana'ar miliyoyin mutane.