Ibn Khaldun da Ma'aunin Labari

A cikin malaman tarihi na Musulunci da wuya a sami wanda ya kai Abdurrahman Ibn Khaldun zurfin tunani. An haife shi a Tunis a shekara ta 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Littafinsa da ya fi shahara shi ne Muƙaddima, watau gabatarwar babban littafinsa na tarihi, wanda ya rubuta a 1377 sa'ad da ya keɓe kansa a wata ganuwa cikin ƙasar Aljeriya.

Babban abin yabo ga littafin nan shi ne ya koya wa mutane auna labari kafin su karɓe shi. Malam Mas'udi ya ruwaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Ibn Khaldun bai tsaya kan girman mai ruwayar ba. Sai ya tuna cewa Farisa, duk da faɗin mulkinta, mutum 120,000 ta iya tarawa a yaƙin Ƙadisiyya. Ya kuma tambaya, wane fili zai ɗauki runduna irin wannan, ina kuma abincinta? Da haka ya nuna lissafin ba ya shiga hankali.

Haka kuma ya lura da sha'anin haraji. A ganinsa, farkon daula haraji kaɗan ne, amma baitulmali cike yake, gama talakawa suna noma da fatauci da ƙarfin zuciya. In sarakuna suka saba da jin daɗi, sai su yi ta ƙara haraji, manomi ya karaya, kuɗin shiga ya ragu. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san akwai gaskiya a nan.

Amma fa gwani ma yakan yi tuntuɓe. Ibn Khaldun ya ce galibi daula ba ta wuce zuriya uku, wajen shekara 120, kafin zumuncin da ya kafa ta ya ruɓe. Daulolin Magrib da ya sani ne suka sa ya faɗi haka. Ga shi kuwa gidan Saifawa ya yi ɗaruruwan shekaru yana mulkin Kanem da Barno, bai ƙare ba sai 1846.

Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne maganarsa a kan baƙar fata. Ya ɗauki ra'ayin mutanen dā cewa zafin ƙasa yana sa mutane wauta da rashin natsuwa, bai auna shi ba. Alhali shi da kansa ya rubuta jerin sarakunan Mali, har da Mansa Musa wanda ya yi hajji a 1324, ya kuma ambaci raƙumin dawa da Sarkin Kanem ya aika Tunis kyauta a 1257. Mutanen da suka kafa irin waɗannan dauloli ba su dace da sifar da ya ba su ba.

Saboda haka ya kamata mai karatu ya riƙe ma'aunin nan da kyau. Ba duk abin da aka buga a takarda ke zama gaskiya ba, ko da babban malami ne ya rubuta shi. Wanda ya auna maganar Ibn Khaldun da ma'aunin Ibn Khaldun, shi ne ya fi kowa girmama shi. Allah ya jiƙansa.