Wa ya ja baƙin? Sharhin mazan jiya a zamanin salula

Daga Madarunfa zuwa Maraɗi tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a mota, wanda kuma ya karya kumallo a Ɗan Isa yana iya ƙetarawa ta Jibiya ya yi azahar a Katsina. Saboda wannan kusanci, tun fil azal maganar da aka yi a Kano ko Katsina ba ta daɗewa ba ta iso kasuwannin wannan yanki ba. A da fatake ke kawo ta, daga baya direbobin tasha da kaset-kaset na wa'azi suka karɓi aikin, yau kuwa salula ta shafe su duka. Tare da ita wani nau'in sharhi ya bunƙasa, wanda ya cancanci a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa waƙa ko ƙagaggen labari, domin yana da ƙira, yana da masu sauraro, kuma yana da sakamako.

Ga yadda yake tafiya. Wani abu zai bazu a shafukan sada zumunta: hoton wata takarda mai hatimi, ko guntun bidiyo na ƴan daƙiƙoƙi, ko rubutun wani a Facebook. Sai mai sharhi ya naɗi muryarsa ta minti biyar ko goma a WhatsApp, ko ya zauna gaban kyamara a TikTok, ya bayyana wa jama'a abin da ke ciki, ya kuma nuna musu yadda ya kamata su ɗauke shi. Galibin waɗanda muryarsu ta fi nisa suna kan ra'ayin mazan jiya ne, wato masu ganin cewa addini da tarbiyya da tsarin iyali amana ce da aka gada, kuma akwai masu neman warware ta daga Yamai ko daga ƙetare. Sharhin kan buɗe da sallama da salati, ya bayyana abin da ya bazu, ya tuno wani abu makamancinsa da ya faru a baya, ya nuna hannun da ke ɓoye, sa'an nan ya rufe da roƙon a tura wa ƴan'uwa don Allah.

Adalci ne a fara da abin da wannan sharhi ya iya. Na farko, Hausarsa mai rai ce. Wanda ya saba jin labarun da aka juyo daga Faransanci kalma bayan kalma, har jimlar ta fito tana ɗingishi, zai gane dalilin da ya sa manomi a Gabi ko mai sayar da kifi a bakin tafkin Madarunfa ya fi sakin jiki da mai sharhin salula. Yana magana da karin harshen da ake ciniki da shi, yana kawo misali daga gona da zaure. Na biyu, ya san cewa jama'a da yawa kunne suke amfani da shi wajen neman labari, shi ya sa ya zaɓi murya. Na uku, yana da tuni. Bai manta da daftarin dokar iyali da aka jingine a shekarun 1990 bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun tashi tsaye ba, ko boren da bikin nuna tufafi na FIMA ya haddasa a Yamai da Maraɗi a watan Nuwamban 2000, ko yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata da majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da ita a 2006. Ruwa ba ya tsami banza. Talaka ya daɗe yana ganin ana rubuta dokokin da suka shafi aurensa da ƴaƴansa cikin harshen da ba ya ji, a garin da ba ya zuwa, don haka zarginsa yana da tushe.

Sai dai kash, a daidai wurin da wannan sharhi ya fi ƙarfi a nan ne kuma rauninsa yake. Mai sauraro ba ya ganin takardar da ake magana a kanta, in ma ya gan ta ba lalle ya iya karanta ta ba. Sau da yawa shi kansa mai sharhin ba shi ya karanta ba, wani ne ya fassara masa.

Abin da ya faru a Maraɗi a watan Yunin 2019 ya isa misali. A lokacin gwamnati ta miƙa wa majalisar dokoki daftarin doka kan tsarin gudanar da ibada a Nijar, wanda ya shafi izinin gina wuraren ibada da sa idon hukuma a kan yadda ake tafiyar da su. Ranar Juma'a 14 ga wata, limamin wani masallaci na unguwar Zariya, Shaikh Rayadoune, ya bayyana daftarin a matsayin wanda ya saɓa wa Musulunci. Washegari ƴan sanda suka kama shi. A daren nan matasa suka fantsama kan tituna, aka ƙona cocin Assemblées de Dieu da motar fastonta. Ranar Lahadi aka sallami malamin, ya kuma fito ya roƙi magoya bayansa su daina ƙone-ƙone, yana mai cewa Musulunci bai yi umarni da haka ba. Ya ƙara da wata magana wadda ita ce ƙashin bayan wannan nazari: waɗanda suka fassara masa wata takarda daga Faransanci zuwa Hausa, bisa cewa ita ce daftarin gwamnati, su suka ɓatar da shi. Ranar Litinin 17 ga wata majalisa ta amince da dokar.

Malamin ya cancanci a yaba masa a kan abu guda: ya fito da sunansa da fuskarsa ya warware maganarsa, abin da ba kasafai ake gani ba. Amma magana zarar bunu ce. Kafin gyaran ya zo, wurin ibadar wasu ƴan ƙasa ya riga ya zama toka, kuma mutanen da ba su rubuta daftarin ba, ba su kuma fassara shi ba, su suka biya kuɗin kuskuren. Mai fassarar kuwa, wanda duk abin ya rataya a wuyansa, labarun da aka watsa ba su tsaya a kansa ba.

Duk wanda ya taɓa zama tsakanin harsunan nan biyu ya san ramukan da ke kan hanyar. A Faransanci projet de loi daftari ne da ake iya yi wa gyara ko a yi watsi da shi, amma a bakin mai gaggawa sai ya zama "an kafa doka". Kalmar réglementer tana nufin tsarawa da sa ƙa'ida, kuma taki ɗaya ne tsakaninta da "hanawa" ga wanda ransa ya riga ya ɓaci. Culte ta haɗa ibadar Musulmi da ta Kirista da ta kowa, amma in aka ce "sallarmu" an riga an sauya wanda dokar ta nufa. Haka laïcité da genre, kalmomi ne da su kansu masu harshen ke jayayya a kan iyakarsu, ballantana a ce an juye su cikin kalma guda ta Hausa an wuce. Mai fassara na gari yakan tsaya a irin waɗannan wurare ya ce, nan fa akwai ma'ana biyu. Saƙon murya ba ya son wannan tsayawa, domin wanda ya fi zafi shi ya fi yawo.

Abin mamaki shi ne, gadon da masu wannan sharhi ke cewa suna karewa ya daɗe da tanadar maganin wannan cuta. A dubi zaman tafsiri na watan azumi a kowane masallaci, daga Madarunfa har Sakkwato. Malami ba ya fara fassara sai mai jan baƙi ya karanta ayar a bainar jama'a, kowa ya ji nassin da kunnensa. In mai jan baƙi ya yi tuntuɓe, mahaddata na cikin sahu za su ɗaga murya su gyara masa. In malami ya kauce, akwai almajirai riƙe da Jalalaini suna bin sa layi bayan layi. Wato nassi a fili yake, fassara a fili take, mai yin ta kuma sananne ne. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya faɗa wa wa, har sukan ajiye ruwaya saboda mutum guda da ba a sani ba a cikin jerin masu ruwaitowa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati, wadda kusan kowane mai wa'azi ya haddace, umarni ce a binciki labari kafin a cutar da wasu mutane cikin rashin sani. Marubuta waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 sukan rufe waƙa da sunansu da ramzin shekara, kuma da Nana Asma'u ta juya waƙar mahaifinta Shehu Usmanu daga Fulatanci zuwa Hausa, an san mai asali, an san mai fassara. Ko mai shelar sarki ba ya buɗe baki sai ya faɗi wanda ya aiko shi.

To, a auna saƙon murya da wannan ma'auni. Ba a jan baƙinsa, ba a san mai fassararsa ba, ba ya ɗauke da kwanan wata, shi ya sa bidiyon shekara biyar da ta wuce kan dawo a matsayin abin da ya faru jiya, ko abin da ya faru a wata ƙasa a ce a Yamai ne. Isnadinsa duka shi ne ƴar alamar nan da ke nuna an turo shi sau da yawa. Mai sharhin da ya kira kansa mai riƙo da gado, sa'an nan ya gina hukunci a kan irin wannan ruwaya, ya riƙe rigar magabata ne ya saki hanyarsu. Ya fi kama da tafintan zamanin Turawa wanda Amadou Hampâté Bâ ya zana a littafinsa L'Étrange destin de Wangrin na 1973, mutumin da ƙarfinsa duka ya taru a kan cewa kwamanda ba ya jin harshen talakawa, talakawa kuma ba sa jin harshen kwamanda. Bambancin kawai shi ne Wangrin ya san abin da yake yi, na yau kuwa sau da yawa shi ma ruɗarsa aka yi.

Matsalar ba ta tsaya ga Faransanci ba. A ƙetaren iyaka, ranar 4 ga Yulin 2024, jaridar Daily Trust ta buga labarin da ya danganta yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sanya wa hannu da Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, da amincewa da auren jinsi. Cikin ƴan kwanaki maganar ta cika huɗubobi da saƙonnin murya na Hausa. Daga baya hukumar da ke sauraron ƙorafi kan kafofin watsa labarai ta ƙasar ta binciki nassin yarjejeniyar, ta yanke cewa labarin ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa. An iya yin wannan gyara ne domin jarida tana da suna da ofis da edita da za a iya tuhuma. Dubban muryoyin da suka ɗauki labarin suka ƙara masa gishiri ba su da inda za a kai musu takardar gyara.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Hukumomi suna da nasu kason. Amsar da suka fi bayarwa ita ce ta hukunci. A wannan shekara ta 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifukan intanet, wadda a ƙarƙashinta aka tsare ƴar jarida Samira Sabou fiye da wata guda a 2020 saboda abin da aka rubuta a shafinta na Facebook. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 kuma aka mayar da shi. Kurkuku tana iya rufe bakin wanda aka san sunansa, wato daidai mutumin da ake iya yi wa gyara, amma ba ta isa ga muryar da ba ta da suna, kuma ba ta koya wa kowa abin da ke cikin daftari. Da a ce an karanta daftarin dokar ibada cikin ingantacciyar Hausa a gidajen rediyon Maraɗi, aya bayan aya, makonni kafin ya isa majalisa, da takardar bogi ba ta sami filin da ta samu ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan matsayi zai yi ma'ana ga mutumin Safo ko Sarkin Yamma ranar da duk wani daftarin da ya shafi ibadarsa ko iyalinsa zai fito da fassarar hukuma, mai ɗauke da sunan ofishin da ya yi ta, a rubuce da kuma a murya.

Ƙasa tana buƙatar masu ra'ayin mazan jiya, domin al'ummar da ba ta da masu tambayar "ina za a kai mu?" takan wayi gari an kai ta inda ba ta so. Abin da ake nema daga gare su shi ne su riƙe ƙa'idar zauren da suka fito. Mai sharhi ya karanto nassin da harshensa na asali kafin ya fassara, ya faɗi inda ya samo shi da ranar da aka rubuta shi, ya ambaci wanda ya juya masa shi in ba shi ya juya ba, in kuma ya gano ya yi kuskure ya naɗi gyaran da irin zafin muryar da ya naɗi zargin. Mai sauraro kuma, kafin yatsansa ya taɓa alamar turawa, yana da haƙƙin ya yi tambayar da kowane almajiri zai yi in ya shiga masallaci ya tarar ana fassara babu mai karatu: wa ya ja baƙin?