ANNOBA, LAIFIN WA?

A bazarar 2017 ciwon sanƙarau ya auka wa Zamfara da maƙwabtanta. Fiye da mutum 1,000 suka rasu a Nijeriya, yara kuwa su suka fi kamuwa. Gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, mutumin Talata Mafara, ya gaya wa 'yan jarida horon Allah ne saboda zina da sauran saɓo. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya musa masa a bainar jama'a, ya ce allura ya kamata a nemo. Wannan magana ta gwamna ita mu ke so mu auna, gama ba shi kaɗai ke yin irinta ba. Da korona ta zo a 2020 an sake jin ta a kasuwa da zaure.

Akwai gaskiya a cikinta. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, kuma malamai sun karantar da mu cewa ɓarna a tudu da ruwa daga hannun mutane ta ke fitowa. Aibin maganar shi ne ta tsinci laifi ɗaya, wanda ba ya kai ƙara ga kowa, ta bar waɗanda a ke gani da ido. Sanƙarau ƙwayar cuta ce mai bin numfashi. Ƙura da zafi su kan busar da maƙogwaro, ta sami hanyar shiga jini, sa'an nan cunkoso cikin ɗaki marar taga ya yaɗa ta. Allurar da a ka yi wa jama'a a baya ta nau'in A ce, wanda ya zo a 2017 kuwa nau'in C ne. To, yaron da bai balaga ba, wane saɓo ya yi?

A duba abin da ya faru a 2010 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Masu neman zinariya suka riƙa kawo duwatsu gida, a daka a turmi, a niƙa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike su ke da dalma. Yara wajen 400 suka mutu. Ba a sami sa'ida ba sai da a ka kankare ƙasar gidajen a ka zuba sabuwa, likitocin MSF suka ba yaran magani. Bagega sai 2013 aikin ya kai gare ta. Nan ma akwai saɓo, watau kwaɗayi, da sakacin masu iko.

Ko a ƙofarmu ma akwai abin lura. Madatsar Bakolori, wadda a ka gama a 1978, ta kawo noman rani. Amma duk inda a ka bar magudana ta toshe ruwa ya kwanta, nan sauro ke haihuwa, nan kuma katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta ke zama. Yashe magudana aikin mutum ne.

Sayyidina Umar ya riga ya raba wannan gardama. Da ya ji annoba ta faɗa Sham, sai ya juya da jama'arsa. A ka tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi. Ya kawo misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe. Duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ne, amma shi za a tambaya.

Saboda haka, jama'a, kadan shugaba ya ce mu tuba, mu karɓa. Sa'an nan mu tambaye shi allura nawa ya tanada, rijiya nawa ya gyara, wa kuma ya sa ido a kan masu haƙar ma'adinai. Mu ma mu buɗe taga, mu yashe magudana, mu kai yara rigakafi. Ƙasa da ruwa amana ce, gyaransu kuwa yana cikin tuba.