Rama, Kalgo da Kaba: Ina Tufkar Igiya Ta Kwana a Ƙasar Rano?

Ba kasafai manomi ke ba rama gona sukutum ba. A Rurum Sabon Gari da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, kan iyaka ake raɓa ta, ta raba gonar wane da ta wane. Da damina mata su tsinki ganyenta a yi kwaɗo ko a zuba a fate. Da kaka, bayan ta fi mutum tsawo, maza su sare karan don ɓawonsa. Daga ɓawon nan igiyar ƙasar nan ta fito tun kaka da kakanni.

Aikin yana da wahala. Ana ɗaure karan dami-dami a danne shi a kududdufi ko a gefen rafi na mako guda ko biyu, har danƙon da ya riƙe zaren ya ruɓe. Warin kuwa sai wanda ya ji. Sannan a saɓule, a wanke, a shanya. In an yi garajen cirewa zaren ya ƙi rabuwa, in an bar shi ya zarce ya yi rauni, kuma ba agogo ke faɗin lokacin ba, hannu ne. Mai gaggawa kan ɓare ramar ɗanya ya yi ɗauri da ita haka nan, amma igiyar guga, ko ragamar doki, ko dabaibayin jaki, sai wadda ta sha ruwa aka tufka ta. Mai tufka yana murza kowane sili ta gefe ɗaya, ya haɗa su ta ɗaya gefen, murɗin biyu su riƙa danne juna. Abin da ke hana igiya warwarewa ke nan. An daɗe da sanin makafi da wannan sana'a a ƙasar Hausa, su da tsofaffin da ƙarfin noma ya bari, domin aiki ne na zaune da yatsu ke gani.

Ba rama kaɗai ba ce. Ɓawon kalgo ake yagowa a bakin gona a ɗaure damin dawa ko tankar darni, ba ko sisi. Kuka ma ana saɓe mata gindi, kuma ba ta mutuwa, sabon ɓawo take yi. Kaba, wato ganyen goriba, ta fi yawa can arewa wajen Haɗeja, Nguru da Damagaram, don haka galibi kasuwa ke kawo ta kudancin Kano, ko ɗanya ko an riga an saƙa ta tabarma da mangala. Ta fi rama kaushi, tana cin tafin hannu.

Aka wayi gari igiyar roba ta cika kasuwa, sai mutane suka ce sana'ar ta mutu. Ni a ganina rabin gaskiya ne. A bakin rijiya roba ta yi nasara, kuma ta cancanta: igiyar rama tana shan ruwa ta yi nauyi, ta ruɓe, wata rana ta tsinke a shiga neman ƙugiyar ciro guga. Masuntan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 daf da duwatsun Rurum, su ma ba wanda zai ce su koma saƙa koma da zaren tsiro. Amma akwai ɗaurin da ake so ya ruɓe. Ɗaurin dami na kaka ɗaya ne, na jinka da darni bai wuce shekara biyu ko uku ba. Kalgo in ya gama aiki ya faɗi ya zama taki. Tsumman buhun leda da ake yagawa a yi ɗauri da shi yau, rana ce ke farfasa shi, ya watsu a gona, akuya ta haɗiye, mahauci ya tarar da shi cunkushe a tumbi. Abin da ya yi rauni dai tufka ce, wadda ke buƙatar koyo da haƙuri. Yagowa a ɗaura kuwa yana nan muddin akwai kalgon da bai tafi itacen girki ba, kuma nan ne damuwar take.

Gwamnati ta taɓa hango wa rama babban matsayi. Dalar gyaɗa ta Kano da buhunan algarara aka gina ta, zarensu kuwa daga yankin Bengal yake zuwa. Don rage wannan sayayya aka kafa masana'antun buhu a Jos da Badagry cikin shekarun 1960, da nufin su ci ramar gida. Gyaɗa ta ja baya, man fetur ya ɗauke hankali, buhun leda ya shigo, ramar ta koma kan iyakarta.

Cikin kayan da ake yi da tsiro, tsintsiya ce ta ƙi ba da kai ga roba. Ta laushi, wadda ake yi da ciyawa, ita ke share ɗaki da tabarma. Ta kwakwa mai tauri daga kudu motoci ke kawo ta, domin tsakar gida da makewayi.  Buroshin roba mai sanda ya samu shiga gidajen tayil na birni, amma a daɓen ƙasa ba ya kwashe tsakuwa da ƙaiƙayi, ba ya shiga lungun gindin randa. Shi ya sa har gobe in za a kai amarya a Rano ko Kibiya, cikin kayan da gwaggonni ke lissafawa ba a mantawa da tsintsiya, ta laushi daban, ta kwakwa daban.